Manomin Teku a Akwatin Gilashi

Bayan ƙaramar salla wani ɗan ƙanwata da ke zaune a Lausu ya zo gaishe ni, bai daɗe da dawowa daga Umara ba. Da muka gama gaisawa sai ya ciro waya ya nuna mini bidiyon da ya ɗauko a gidan kallon kifi na Fakieh da ke bakin teku a Jidda. 'Yan mitsi-mitsin kifaye ne, da ƙyar suka kai tsawon yatsa, wasu shuɗaye kamar yanzu aka tsamo su daga karofi, wasu da zanen fari da baƙi, suna ta shige da fice a tsakanin rassan murjani. Yaron yana da tankunan tarwada biyu a bayan gida, shekararsa uku yana kiwo, saboda haka kifi ba baƙonsa ba ne. Ya ce, "Kawu, an ce mini ana samun irinsu a Legas. In na sayo kamar goma na zuba a akwatin gilashi ɗaya a falo, za su zauna lafiya?"

Na ce masa a'a, ba za su zauna ba. Amma a'a kaɗai ba ta gamsar da mai sha'awa, kuma na san ba shi kaɗai ba ne waya ta nuna wa irin wannan ado ya ji ya kwanta masa a rai. Shi ya sa na ga ya dace a baje maganar a faifai.

Turawa suna kiran waɗannan kifaye damzal, wato 'yan mata, saboda ƙanƙanta da kyan launi. Dangi ne babba, wajen iri 400, kusan dukkansu a teku suke, mafi yawa kuma a ruwa mai ɗumi inda murjani ke tsirowa: tekun Indiya, Pasifik, Bahar Maliya, da yankin Karebiyan. Akwai 'yan kaɗan a gaɓar Afirka ta Yamma. Kifin nan ruwan lemo mai farin zane da yara suka sani a katun ɗin Nemo na 2003 ma ɗan gidansu ne. Wani reshe nasu har yau da sunan Larabci masana ke kiransa, Abudefduf, domin a bakin masuntan Bahar Maliya wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Peter Forsskål ya ji sunan. Ya rasu a Yaman a 1763, abokin tafiyarsa ya buga rubuce-rubucensa a 1775.

A shagunan kifin ado na duniya damzal na cikin masu araha, kuma suna da juriya fiye da yawancin kifin teku. Suna cin duk abin da aka ba su, ba sa saurin kamuwa da cuta, suna iya wuce shekara goma in an kula da su. Wannan ne ya sa mai shago ke fara miƙa su ga sabon shiga. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne, a kifayen da ba su wuce tafin hannu ba, da wuya a sami mafaɗaci kamarsu. Masu nutso a teku sun saba da su: mutum ƙato da tukunyar iska a baya, ɗan kifin da bai kai santimita goma ba zai fito ya tare shi, ya cije shi a yatsa ko a gwiwa, har da wata 'yar ƙara da yake yi ta gargaɗi.

Dalilin faɗan shi ne abin da ya fi burge ni a duk sha'anin, kuma mutumin Lausu zai gane shi kafin mutumin birni. Da yawa daga cikin damzal manoma ne. Kifi ɗaya zai zaɓi wani ɗan fili a kan mataccen murjani, abin da bai wuce shimfiɗar tabarma ɗaya ko biyu ba, ya mai da shi gayaunarsa. A nan gansakukar da yake ci ke tsirowa. Masu bincike biyu na Japan, Hiroki Hata da Makoto Kato, sun daɗe suna lura da wani baƙin damzal a tsibiran Okinawa, suka wallafa abin da suka gani a 2006. Kifin yana barin wata jar gansakuka mai laushi wadda cikinsa ke iya narkarwa, duk wata iri da ta tsiro a ciki sai ya tsinke ta da baki, ya ɗauke ta, ya kai wajen gona ya tofar. Noman firi ke nan da maimai. Da aka hana kifin shiga gonar, sai ciyayin banza suka rufe ta. Inda kuma aka bar ta ba mai tsaro, sai sauran kifaye masu kiwo suka lashe ta. A Beliz, ƙasar da ke bakin Karebiyan, wani bincike na 2020 ya nuna akwai damzal ɗin da ke barin wasu ƙananan jatan lande su yi sansani a saman gonarsa, yana kore musu maƙiya, kashinsu kuma yana zama taki ga amfaninsa. Duk wanda ya taɓa roƙon Bafulatani ya kafa masa ruga a gona da rani don shanu su bar masa taki ya san wannan ciniki.

Ko waɗanda ba sa noma suna da abin tsaro. Namiji ne ke share dutse, mace ta zo ta manna ƙwai ta tafi, shi kuma ya tsaya yana yi musu fifita da fiffike yana korar duk mai matsowa har su ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki. Kuma kowane ɗaya yana buƙatar ramin da zai shige da dare, don wanda ya kwana a fili abincin wani ne. Gona, ƙwai, makwanci: a kan waɗannan uku rayuwarsa ta rataya. Wanda ya zauna a zauren dagaci da farkon damina ya ji yadda 'yan uwa biyu ke ɗaga murya a kan kunya ɗaya da aka ci daga iyaka, ba zai ce kifin nan mugu ne ba. Zai ce mai gona ne.

To yanzu a auna akwatin. Wanda ake ɗauka matsakaici a gida yana cin lita 200, wato duro ɗaya, ko jarka takwas ta mai lita 25. Tsawonsa wajen mita ɗaya, faɗinsa bai kai rabin mita ba. Ƙasansa duka bai kai filin da manomi ɗaya daga cikin kifayen nan ke riƙewa a teku ba. Ɗan ƙanwata yana so ya zuba goma. Kamar a ɗauki magidanta goma ne a ba su rabin gayauna, a zagaye su da katanga, a ce kowa ya ci da iyalinsa.

Katangar ita ce babbar matsalar. A teku faɗan damzal ba ya cika kaiwa ga kisa. Mai gida ya kori baƙo, baƙo ya tsallake iyaka, shi ke nan, kowa ya koma harkarsa. Zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ya sa gabansa, ga su dab da juna amma kowa ya san ramin da yake nasa. A akwati wanda aka kora ba shi da wurin zuwa. Ya yi gabas gilashi, ya yi yamma gilashi. Shi kuma mai kora, tunda har yanzu yana ganinsa, a wurinsa baƙon ya ƙi fita ne, sai ya ƙara ƙaimi.

Yadda abin ke tafiya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Makon farko lafiya lau, duk suna yawo tare saboda tsoron sabon wuri, mai akwati ya ce ai ƙarya ake yi musu. Daga nan wanda ya fi ƙarfi ya kama dutsen tsakiya. Sai ka wayi gari ka ga ɗaya ya maƙale a kusurwar sama bayan bututun famfo, kansa a ɗage, launinsa ya dushe, gefen wutsiyarsa ya yage kamar bakin tsohon zane. In an zuba abinci yana gani ba ya iya saukowa. Kwana kaɗan sai a tsince shi a ƙasa, ko a neme shi a rasa. Mai kora ba ya hutawa da mutuwarsa, sai ya juya kan na biye. Masu wannan kiwo da yawa sun fara da shida ko bakwai suka ƙare da ɗaya, ƙato, mai sheƙi, wanda ba ya barin a sa ko da wane irin kifi a akwatin. In kuma aka ce a cire shi, sai an kwashe duwatsun kaf, domin da ya ga koma zai shige ramin da hannu ba ya kaiwa.

Wa suka fi tsana? Wanda ya fi kama da su. Konrad Lorenz, masanin halayyar dabbobi ɗan Ostiriya da ya sami kyautar Nobel a 1973, ya lura da haka a tekun Fulorida da kuma a akwatunan gidansa: kifin murjani mai kaifin launi ya fi kai hari ga ɗan jinsinsa, sannan ga wanda ya yi kama da shi a launi ko siffa. Hikimar a fili take, wanda ya yi kama da kai shi ne ke cin abin da kake ci, ke neman ramin da kake nema. A 2024 masu bincike a Okinawa sun gwada kifin Nemo da gumakan roba masu zane daban-daban, suka ga ya fi kai wa mai zane uku hari, wato mai irin rigarsa, wanda ba shi da zane ko ɗaya kuwa bai cika kula shi ba. Wannan ya rushe tunanin da kowa ke fara yi, cewa a sayo iri ɗaya don su zama 'yan uwa. Mai kaji ya san zakara ba ya damuwa da agwagwa, ɗan'uwansa zakara yake nema.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma a nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido. Masu zanen fari da baƙi, da wani baƙi mai ɗigon fari uku da Turawa ke kira domino, su ne suka fi jan ido suna ƙanana, su ne kuma suka fi zama bala'i. Domino yana wuce santimita goma, ɗigon ya dushe, ya koma toka-toka, ya mallake akwatin. Manoman gansakuka na ainihi, waɗanda masana ke kira Stegastes, ba a ma maganar haɗa su da kowa a ƙaramin wuri. Shuɗin nan mai rawayar wutsiya, wanda bai cika wuce santimita 7 ba, yana da dama-dama. Akwai kuma kore-kore mai suna kuromis, wanda a teku garke yake yi a saman murjani yana cafkar 'yan ƙwayoyin abinci da ruwa ke kawowa, ba ruwansa da gona. Shi ake ce wa mai sanyin hali, kuma haka ne in an gwada shi da sauran. Duk da haka, a ƙaramin akwati garkensa ma yakan yi ta raguwa ɗaya bayan ɗaya, domin zaman kashin dankali suke yi, babba ya danne ƙarami.

Kifin Nemo shi ne ya fi sauƙin sha'ani, saboda yana da tsarin gida. A rukuninsu mace ce babba, mai bi mata shi ne miji, sauran kuma ba sa haihuwa, suna jiran layi. Wani masani mai suna Peter Buston ya nuna a 2003 cewa kowane ɗaya yana tsayar da girmansa a wajen kashi 80 cikin 100 na wanda ke gabansa, don kada a ga ya zama barazana a kore shi. In macen ta mutu, mijin ya rikiɗe ya zama mace, na bayansa ya hau matsayin miji. Ikon Allah ke nan. Amfanin wannan ga mai akwati shi ne, in ya sayi ƙanana biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya, da kansu za su daidaita su zama ma'aurata. Biyu, ba huɗu ba.

Masu kiwon da suka daɗe a harkar suna da dabarunsu na rage rigima, kuma duk iyaka suke gyarawa. Suna jera duwatsu tsibi-tsibi, da tazara a tsakani, yadda kifin da ke wannan tsibi ba ya hangen na wancan, kamar yadda ake dasa gamba a tsakanin gonaki. Suna tabbatar da ramukan kwana sun fi kifayen yawa. Suna zuba su rana ɗaya, suna ƙanana, girma ɗaya, don kada wani ya riga ya ce ko'ina nasa ne. In akwai wasu kifaye masu sanyi, su ake fara sawa, mafaɗacin ya zo a ƙarshe a matsayin baƙo. In za a ƙara sabo daga baya, sai a rushe duwatsun a sake jeri, a kashe fitila, kowa ya wayi gari yana neman gida. Abinci kuma kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana, a gefe biyu na akwatin. Waɗannan duk suna taimakawa. Ba sa canza halitta, kuma wanda ya yi amfani da su dole ya tanadi wani ƙaramin akwati a gefe, da ruwansa a shirye, don ranar da zai ga wani ya maƙale a kusurwa.

Akwai wata dabara da nake so in ja kunne a kanta. Masu ajiye kifayen tafkin Malawi sukan cika akwati maƙil da gangan, don mafaɗaci ya rasa wanda zai sa wa ido, faɗan ya rarrabu. Wasu suna kwaikwayon haka da damzal. Yana iya yin aiki a inda famfo da matata ba sa tsayawa ko na minti ɗaya. A wurinmu, akwatin da aka cika shi ne zai fara mutuwa daren da wuta ta ɗauke.

Wannan ya kawo mu ga ruwan kansa, wanda a Lausu ya fi faɗan kifin wuyar sha'ani. Daga nan zuwa teku mafi kusa tafiyar wajen kilomita dubu ce, don haka haɗa ruwan za a yi. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, ke nan akwatin lita 200 zai ci kilo 7 tun a zubin farko. Kuma gishirin miya ba ya yi. Wani haɗi ne na musamman da ake shigowa da shi daga waje, mai ɗauke da sinadarai da dama a kan ma'auni. Ruwan da za a dama shi ma sai wanda aka tace da irin injin da manyan masu ruwan leda ke amfani da shi, domin na rijiya da na burtsatse suna zuwa da abubuwan da ido ba ya gani. Duk mako biyu ana zubar da wajen kashi ɗaya cikin goma a maye da sabo. Gishirin ba sayen rana ɗaya ba ne, cefane ne.

Kafin a sa kifi ko ɗaya, akwatin yana buƙatar mako huɗu zuwa shida yana aiki. Kashin kifi yana sakin amoniya, wadda guba ce, kuma sai wasu ƙwayoyin halitta da ke zama a jikin duwatsu da matata sun yawaita kafin su iya juya ta ta koma abin da ba ya kisa. A da, damzal ake jefawa a sabon akwati ya sha wannan gubar har ruwan ya nuna, saboda an san ba ya saurin mutuwa. Zalunci ne, kuma ba a bukatarsa, tunda ɗan abincin kifi da aka bari ya ruɓe a ruwan yana yin aikin. Ga shi kuma wanda ya tsira ya riga kowa zama, ya ɗauki akwatin duka gadonsa.

Sai zafi. Kifayen murjani suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, ba hawa ba sauka. A ƙasar Kano watan Afrilu yakan haura 40 da rana, ɗakin kwano kuma ya riƙe zafin har tsakar dare. Da hunturu, asubahin Janairu kan sauko ƙasa da 15. Ke nan ana bukatar na'urar sanyaya ruwa da bazara, ta ɗumama shi da hunturu. Iskar hunturu kuma tana shanye ruwa, amma ba ta ɗaukar gishiri, don haka kullum akwatin ƙara zartsi yake yi. Da ruwan daɗi tsantsa ake cike gurbin, kowace rana. Wanda ya cike da ruwan gishiri ya kashe kifinsa da hannunsa.

A nan sanin tarwada yake iya yaudarar mutum, kuma na faɗa wa ɗan ƙanwata haka. Tarwada tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari kai tsaye. Shi ya sa take kwana a baho da ɗan ruwa, ta yini a tiren mai talla tana motsi. Damzal ba shi da wannan. Iskar da ke narke a ruwa kaɗai yake shaƙa, ruwan gishiri kuma yana riƙe iska ƙasa da na daɗi da wajen kashi ɗaya cikin biyar, ruwan zafi ya fi haka ƙaranci. Famfo ya tsaya na 'yan sa'o'i a daren bazara, da safe sai kwasa. Duk wanda ba shi da sola da batir da za su riƙe akwatin dare da rana, kada ma ya fara lissafin kuɗin kifi.

Amma kiwon tarwadar ya koya masa rabin darasin ba tare da ya sani ba. Na taɓa tsayawa a kansa yana tantance 'ya'yan kifi: baho uku a jere, yana kamfatowa da koma, yana ware waɗanda suka yi wa sa'o'insu fintinkau. Ya ɗago ɗaya da ta ninka sauran, wutsiyar 'yar'uwarta na leƙowa daga bakinta. Ya ce in ya yi sakaci mako biyu bai raba su ba, dubu sai ta koma ɗari bakwai. Na tarwada yunwa ce da fin ƙarfi, na damzal iyaka ce, amma maganin ɗaya ne: mai kiwo ne ke raba zama, ba ya barin kifi su sasanta kansu.

Ɗaya rabin darasin yana Tiga. Madatsar da gwamnatin Audu Bako ta gina a kan kogin Kano, aka kammala a 1974, ba ta da nisa da mu, mutanen Rurum ma a bakinta suke. Wanda ya je gefen ruwan da zafi ya fara, inda yashi yake kuma ruwan bai kai gwiwa ba, in ya tsaya shiru zai iya ganin wasu ramuka zagayayyu kamar an danna ƙwarya a ƙasa. Aikin namijin karfasa ne. Da baki yake kwasar yashi yana tofarwa a gefe har ramin ya yi, sannan ya tsaya a kai, launinsa ya yi kaifi, duk namijin da ya matso ya buɗe masa marfin kunne ya tasam masa. Mace ta zo ta yi ƙwai a ramin, ta kwashe su a bakinta ta tafi da su har su ƙyanƙyashe. Karfasa da damzal dangi ne na nesa a lissafin masana, har sun yi tarayya a wata alama da ba kasafai ake samu a kifi ba: ƙofar hanci ɗaya a kowane gefe maimakon biyu. Halin da ya burge masu bincike a Okinawa, ga ɗan'uwansa a ruwan da ake ban-ruwan shinkafar Kura da Bunkure da shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mun raina namu. Akwai wani ɗan'uwan karfasa a kogunan Afirka ta Yamma, ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi masu ƙyalli, wanda a Turai ake kira kifin jauhari, mafaɗaci ne shi ma in yana da 'ya'ya. Akwai kiribensis mai jan ciki daga kogunan kudancin Nijeriya, wanda da wuya ka shiga shagon kifin ado a Jamus ko Ingila ka rasa shi. Akwai mai dogon haɓa kamar haure, akwai kurungu iri-iri, har da mai iyo a rigingine. Shekara da shekaru ana ɗaukar irin waɗannan a jirgi daga Legas zuwa Turai da Amurka da Asiya. Duk ruwan daɗi suke sha, duk sun san zafin ƙasar nan. Mai son ya ga kifi yana shata iyaka, yana neman aure, yana kiwon 'ya'ya a gaban idonsa, zai ga wannan duka a akwatin ruwan daɗi da kuɗin da bai kai na gishirin shekara ɗaya ba.

Akwai kuma tambayar inda damzal ɗin ya fito. Ban da kifin Nemo, wanda yanzu ake ƙyanƙyasarsa da yawa a gonakin kifi, akasarin na kasuwa daga teku ake kamo su, musamman a Indunusiya da Filifin, wasu a Kenya da Siri Lanka. A wasu wuraren an daɗe ana fama da masu fesa gubar sayanayid a ramukan murjani don kifi ya suma a kama shi, abin da ke kashe murjanin ya kuma lalata cikin kifin. Mu da muka ga abin da gamalin ya yi wa wasu rafukanmu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kifin da ya tsallake wannan, ya tsallake kwanaki a leda daga jirgi zuwa jirgi, sannan ya zo ya mutu a kusurwar akwati saboda an haɗa shi da wanda bai kamata ba, hakkinsa yana wuyan wanda ya haɗa su. Malamanmu sun sha karanta mana hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Wanda ya sa rai a akwati ya ɗauke masa hanyar gudu, shi ne zai zame masa mafita.

Ban ce haramun ne ko ba zai yiwu ba. Mai hali a Kano ko Abuja, da sola mai ƙarfi, da ɗaki mai sanyi, da hanyar samun gishiri ba yankewa, zai iya, kuma abin yana da kyan gani ƙwarai. Ko shi, a akwatin lita 200 shawarata ita ce ma'auratan Nemo biyu da aka ƙyanƙyashe a gona, in ya matsa ya ƙara shuɗi mai rawayar wutsiya guda ɗaya a ƙarshe. Garken damzal sai akwatin da ya kai lita 400 zuwa sama, da duwatsu a rarrabe, kuma ko a nan ya zauna da shirin raba faɗa. Masu zanen fari da baƙi da domino, ya bar su a Bahar Maliya.

Kai kuma ɗana na Lausu, da duk mai irin sha'awarka a Rano da Kibiya, ka sa mai gilashi ya haɗa maka akwati mai tsawon mita ɗaya. Ka wanke yashin rafi ka shimfiɗa, ka jera duwatsu tsibi biyu, ka sa ɗan famfon iska a kan batirin sola, ka bar ruwan ya nuna wata guda. Sannan ka nemi ƙananan karfasa a wurin masuntan Tiga, namiji ɗaya da mata biyu ko uku, in sun yi wa akwatin girma ka mayar da su tanki. Ka riƙe su bazara ɗaya da hunturu ɗaya ba tare da ka rasa ko ɗaya ba. In ka yi haka, ka dawo mu yi maganar gishiri.